Daga Mazari Zuwa Kwarashi: Tarihin Zare a Hannun Matan Garwa

Abin da ake fara nuna wa yarinya idan an zaunar da ita a tsakar gida a Garwa, a arewacin Kamaru, don koyon saƙar kwarashi ƙanƙani ne ƙwarai. Za a yi wa bakin zare zarge a rataya a ƙugiyar kwarashi, a ɗora sauran zaren a kan ɗan alin hannun hagu, a saƙalo shi da ƙugiyar a jawo ta cikin zargen, sai sabon zarge ya maye gurbin tsohon. In aka maimaita haka sau ashirin ko talatin, an sami sarƙa, wadda ita ce harsashin kowace saƙa. Daga nan sai gajeren ɗauri: a cusa kwarashi cikin idon sarƙa, a jawo zare, zarge ya zama biyu a kan ƙugiya, a sake saƙalo zare a ratsa su gaba ɗaya. Dogon ɗauri kuwa, ana fara naɗa zaren a jikin kwarashi kafin a cusa shi, zarge ya zama uku, a ratsa biyu, a sake ratsa biyun da suka rage. Hular jariri da shawul da adon da ake shimfiɗawa a kan tebur, duk daga waɗannan ukun suke fitowa. Matsalar mai koyo ba ta cika zama ta rashin gane matakan ba. Ko dai ta tsuke sarƙar har ƙugiya ta kasa shiga, ko ta sake ta ta yi sakwaf, ko kuma ta riƙa tsallake idon ƙarshe na kowane layi har saƙar ta tsuke kamar bakin mazurari. Shi ya sa maganar mai koyarwa ba ta wuce "sassauta hannunki" da "ƙirga". A ganina wannan ɗan darasi yana ɗauke da tarihi mai tsawo. Kwarashi baƙo ne a kwarin Binuwai, amma ya sami wurin zama ne domin ya tarar da gurbin da mazari ya bari a hannun mata, kuma ya shige shi daidai.

Kafin a gane girman wannan gurbi sai an tuna abin da zare yake a ƙasar Adamawa a ƙarni na 19. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, garuruwan Fulani sun yi ta kafuwa a bakin Binuwai da Faro, Garwa na cikinsu, kuma Yola ta zama babban birni a 1841. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar a 1851, ya tarar ana ciniki a kasuwanninta da siraran sawaye na auduga waɗanda Fulani ke kira leppi. Da su ake auna farashi, da su ake biya. Wannan na nufin duk matar da ta zauna da mazari, kuɗin ƙasar take murzawa da yatsunta. Sawayen nan ba ciniki kaɗai suke yi ba: Fali, mutanen duwatsun da ke arewa da Garwa, suna naɗe mamacinsu da su, kuma a wurare da yawa suna shiga cikin dukiyar aure. A kan wannan saƙa ta gida kuma sai ga kayan Kano suna shigowa a kan jakuna da kawunan 'yan alaro, turkuɗi da kore da riguna masu aiki, waɗanda shi Barth ɗin ya ƙiyasta cinikinsu a Kano ya kai wuri miliyan 300 a shekara. Fatake da masaƙa da marina, Hausawa da Barebari, sun biyo wannan hanya sun zauna, kuma sunayen unguwannin Garwa har yau suna ba da shaida: ga Fulɓere ta masu gari, ga Hausare, ga Kollere ta Barebari.

Masu rubuta tarihin tufa sun fi kallon masaƙi da marini da maɗinki, domin su ne ake gani a bainar jama'a, a ƙarƙashin bishiya ko a bakin karofi. Amma aikin da ya fi cin lokaci a cikin gida ake yin sa. Mace ce ke gurzar auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi, ta naɗa sutu, sannan ta ɗauki mazari da taskira, ta shafa alli a yatsu, ta soma kaɗi. Tana iya fitar da siririn zare mai ƙarfi, tana iya fitar da abawa mai kauri, kuma darajarta a wajen masu saye ita ce zarenta ya tafi bai ɗaya, babu kumburi babu sirancewa. Masaƙi guda yana cinye kaɗin mata da dama, saboda haka kasuwar zare ba ta mutuwa. Abu mafi muhimmanci shi ne kuɗin kaɗi na mai kaɗi ne. Da shi take yin biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta sayi 'yar akuya, ba tare da ta leƙa ƙofar gida ba, domin yara da dillalai su ne ƙafafunta. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda kaɗi ya cika rayuwar matan ƙasar Zazzau, kuma Hausawan da suka gangara Binuwai da irin wannan tsarin gida suka tafi, suka kuma tarar da makamancinsa a gidajen Fulani. Yarinya ba ta zuwa wata makaranta don ta koyi kaɗi. Tana zaune ne kusa da kakarta ko goggonta, a ba ta guntun sutu ta ɓata, a gyara mata riƙo, har ranar da hannu zai faɗa.

Mazari bai faɗi rana ɗaya ba. A da, Garwa ita ce iyakar inda jiragen ruwa ke iya kaiwa a Binuwai idan ruwa ya cika a tsakiyar damina, kuma wannan baiwa ta mai da ita mashigar kayan Turai tun ƙarshen ƙarni na 19. Jamusawa sun ci garin da yaƙi a Nuwamban 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace shi daga hannunsu a Yunin 1915, daga bisani ya zauna a ƙarƙashin Faransa. A duk tsawon wannan lokaci yadin inji yana hawowa ta kogi, kuɗin ƙarfe da na takarda suna korar leppi daga kasuwa, haraji kuma da kuɗin Nasara ake biya. Duk da haka kaɗi ya jure, tunda audugar tana nan a bayan gida, irin ta dā mai shekara da shekaru tana tsaye ana tsinka. Babban sauyin ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Faransa ta kafa kamfanin CFDT a 1949 ya soma aiki a yankin Kaele a farkon shekarun 1950. Ya raba sabon iri mai suna Allen, wanda asalinsa daga Amurka ne, ya kafa wuraren awo a ƙauyuka, ya gina injinan gurza. Daga nan auduga ta zama abin da maigida ke kaiwa sikeli da anguryarta, a biya shi a hannu. A 1965 aka kafa kamfanin CICAM, masaƙarsa a Garwa tana kaɗi da saƙa da inji, ana kai farin yadin Duwala a buga masa zane. A 1974 kamfanin SODECOTON ya gaji CFDT, hedkwatarsa ma a Garwa, kuma a shekara mai albarka audugar da yake saye takan kai wajen tan 300,000. Ba a taɓa noma auduga a arewacin Kamaru kamar yadda aka yi a wannan zamani ba, kuma a wannan zamanin ne ta daina bi ta hannun mata. Injin gurza ya ɗauke aikin dutse, injin kaɗi ya ɗauke aikin mazari, kuɗin kuma ya koma aljihun wanda sunansa ke cikin littafin kamfani.

Shi kuwa kwarashi, ko a ƙasar da ya fito ba tsoho ba ne. Sunan daga kalmar Faransanci yake, mai nufin 'yar ƙugiya, kuma bakin Bahaushe ne ya lanƙwasa ta haka. Umarnin saƙarsa na farko da aka sani a buge ya fito ne a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé a farkon shekarun 1820. Lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan da ta soma a 1845, an koya wa matalauta mata da yara saƙar leshi da kwarashi don su sami abin sawa a baki, kuma tun daga nan sana'ar ta yi suna a matsayin abin da mai hannu da shuni ke koya wa mabukaci. A 1886 Thérèse de Dillmont ta fitar da babban littafinta na aikin allura tare da kamfanin zare na DMC da ke Mulhouse, littafin da ya zagaya duniya cikin harsuna da yawa. Matan mishan da malaman makarantun 'yan mata da irin wannan ilimi suka zo Afirka. A arewacin Kamaru, 'yan Luther na Amurka sun iso yankin Ngaundare a 1923, na Norwe a 1925, Katolika kuma suka shigo da ƙarfinsu a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko na Garwa. Ɗinki da saƙa da kula da jariri suna cikin abin da ake koya wa 'yan mata a irin waɗannan wurare, kuma gwamnati ta ci gaba da hakan bayan 'yancin kai na 1960 a azuzuwan koyon aikin gida da cibiyoyin mata, kamar yadda aka yi a Yola da Kano da Zariya a ɗaya ɓangaren iyaka.

A nan mai musu zai ce to ai magana ta ƙare: abin Turawa ne, Turawa suka koyar, babu ruwan mazari. Zai ƙara da cewa yawancin matan Fulɓere da Hausare ba su taɓa taka harabar mishan ba. Wannan hujja tana faɗin hanyar da kwarashi ya biyo, amma ba ta faɗin dalilin da ya sa ya zauna. An koyar da abubuwa da yawa a waɗancan azuzuwa waɗanda ba su ƙetare ƙofar aji ba. Wanda ya ƙetare, har ya shiga gidajen da malamar mishan ba ta taɓa shiga ba, dole akwai abin da ya dace da shi a cikin gidan. Kwarashi ɗan ƙarfe ne ko roba da kuɗin cefane ɗaya zai saya, ba kamar keken ɗinki ba da sai an yi adashi ko an sa a kayan aure. A zaune a kan tabarma ake yin sa, ana hira, ana sa ido a kan tukunya. Sannan yana da wata siffa da ta bambanta shi da saƙar tsinke biyu: bayan kowane ɗauri zarge ɗaya ne tak yake raye a kan ƙugiya, alhali a saƙar tsinke idanu masu yawa ne a jere, in tsinken ya zame duk su zube. Mai kwarashi in yaro ya yi kuka ko an kira salla, sai ta ja zargen ya yi tsawo ta ajiye, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bari. Haka mazari yake, a ajiye shi a taskira a tashi, a dawo a ɗora. Kuma gwanintar da ake nema iri ɗaya ce. Mai kaɗi tana sarrafa kaurin zare da yatsun hannun da ke riƙe da sutu, mai kwarashi tana sarrafa tsaurinsa da yatsun hannun da zaren ke bi, kuma a duka biyun ana gane gwana da daidaiton aikinta daga farko har ƙarshe. Ko ita dabarar gina abu daga zarge da ƙulli ba baƙuwa ba ce a yankin. Masuntan Binuwai da Logon suna saƙa komarsu, mata suna naɗa faifai da kaba, kuma can kudu a ƙasar Bamenda da Bamun an daɗe ana saƙa hulunan manya masu tsiro-tsiro waɗanda yanzu suke cike da gidajen tarihi na Turai.

Yadda ake koyon ma yana goyon bayan wannan fahimta. Da a ce kwarashi ya ci gaba da zama ilimin aji, da takarda zai riƙa yawo, amma takardar umarnin saƙa ba ta da amfani sosai a wannan yanki. Littafin Faransanci yana da sunayensa, na Ingilishi da ke shigowa ta Yola yana da nasa, kuma ko a cikin Ingilishin, sunan da mutanen Ingila ke ba gajeren ɗauri shi ne Amurkawa ke ba dogo, ta yadda mai bin takarda ba tare da ta san daga inda ta fito ba za ta saƙa hular da ta ninka wadda ake so tsawo. Abin da ya fi tafiya shi ne a aro hular da wata ta saƙa, a juya ta, a ƙirga idanunta, a kwaikwaya. Bidiyon waya da ya zo daga baya ya karɓu ne domin ya fi kama da wannan hanya, ana ganin hannu yana motsi ko da ba a jin harshen mai magana. Amma waya ba ta iya kama yatsan yarinya ta ɗaga shi kaɗan don zare ya sami hanya, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke tsayawa. Sai an sami yaya ko maƙwabciya ko kishiyar uwa da za ta duba sarƙar ta ce a warware a sake. Sa'ar da aka yi, saƙar kwarashi da ja ɗaya take warwarewa, saboda haka ƙwallon zare guda yana isar mai koyo ta ɓata ta gyara sau goma, kamar yadda guntun sutu yake isar jikanya a zamanin kaɗi.

Wani zai kawo zancen zafi da arha. Garwa na cikin garuruwa mafiya zafi a Kamaru, a watan Maris da Afrilu ma'auni yana haura 40, to me za a yi da ulu? Kuma ga gwanjo ya cika kasuwa, musamman tun bayan da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sabon kaya ya gagari talaka, ga kuma kayan jarirai na inji daga Sin. Game da zafi, wanda ya kwana a bakin Binuwai a Disamba ko Janairu ya san asubahin hunturu, kuma babu uwar da za ta bar kan jariri a buɗe a lokacin. A Ngaundare da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000 kuwa, sanyin ya fi haka. Game da arha, gaskiya ne saƙar hannu ba za ta yi gasar farashi da dilar gwanjo ba, sai dai ba a filin farashi take fafatawa ba. Kasuwarta ita ce suna da biki da jere. Hula da safa da shawul da aka saƙa da launin da mai jego ta zaɓa, aka kai mata ranar suna, gudummawa ce da ake tunawa a rama, kuma kayan gwanjo ba ya shiga wannan lissafi. Ga kuma wani abin da ba kowa ya sani ba: tun 1589 William Lee ya ƙera injin da ke yin saƙar tsinke a Ingila, amma har yau babu injin masana'anta da ke yin ainihin ɗaurin kwarashi, sai dai kwaikwayo. Inji ya kashe kaɗi ne domin yana fitar da abu ɗaya da na mazari, cikin sauri da arha. Kwarashi bai gamu da irin wannan kishiya ba.

Musun da ya fi nauyi shi ne na zaren kansa, kuma ba na jin za a iya ture shi gaba ɗaya. Mai kaɗi tana farkon sana'a ne: daga gonar gidansu audugar take fitowa, masaƙi da marini da maɗinki duk suna jiran hannunta, in ta tsaya sun tsaya. Mai kwarashi tana ƙarshe. Da kuɗinta take sayen zare a kasuwa, kuma abin da ake kira ulu a bakin 'yan kasuwa yawancinsa bai taɓa jikin tunkiya ba, zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur a masana'antun nesa. Ribarta ita ce ɗan abin da ya rage tsakanin kuɗin zare da kuɗin hula, in zare ya tashi ribar ta tsuke. Saboda haka gadon da kwarashi ya ci rabi ne. Ya gaji wurin mazari a cikin gida, wato aikin hannu da mace ke yi a zaune, ta koya daga 'yar'uwarta, ta riƙe kuɗinsa. Bai gaji wurinsa a cikin tattalin arzikin auduga ba, kuma wannan rashi ne na gaske da bai kamata a rufe shi da yabon gwanintar mata ba. Abin yana da ciwo ganin cewa zaren auduga ya fi dacewa da kwarashi a ƙasa mai zafi: yana shan gumi, yana jure wanki, yana fito da idon saƙa sarai, kuma da shi aka yi leshin Ailan da farar hular raga da maza ke sawa zuwa masallaci. Audugar arewacin Kamaru da hannu ake tsinkar ta, abin da ke sa ta fita da tsabta, amma kaso kaɗan ƙwarai ake sarrafawa a cikin ƙasa, kuma CICAM, wanda shi ne babban mai saye na gida, ya daɗe cikin mawuyacin hali. Sauran ana ɗaure ta dila-dila a injinan gurza na Garwa da Marwa da Kaele, manyan motoci su kwasa su yi kudu, wasu su sauke a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare da layin dogo ya iso a 1974, daga nan sai bakin teku a Duwala, mafi yawa kuma ta nufi masaƙun Asiya. Ta wannan hanyar ce dai kwalayen zaren roba suke hawowa arewa, su sauka a babbar kasuwar Garwa da ta Pitowa mai ci ranar Lahadi, inda uwa ke tsayawa ta zaɓar wa 'yarta ƙwallo ɗaya mai haske, domin idon sarƙa ya fi fitowa a farin zare ga mai koyo.